Agogon Ɗakin Guga

SHAFI NA 19

"Ba zan danna ba."

Manaja ya ɗago kai daga wayarsa a hankali, kamar wanda sauro ya yi wa kuka a kunne.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni, Yallaɓai. Ba zan danna ba."

Tsaye Injiniya take a gaban teburinsa, ta rungume kwamfutarta a ƙirji kamar za a ƙwace mata. Matan ɗakin guga ne suka laƙaba mata wannan suna tun makonta na farko a kamfanin wanki, don ita ke kula da duk wata na'ura mai waya ko mai madanni, kuma sunan ya bi ta har gida.

Rabin bangon ofishin gilashi ne. Daga nan sama ana hango ɗakin guga gaba ɗaya: manyan injuna na feso tururi, zannuwan gadon otal da na asibiti sun yi tsibi-tsibi, mata na kaiwa da komowa cikin zufa. Kowacce da baƙin agogon roba a tsintsiyar hannunta.

Ba agogon duba lokaci ba ne. Yana auna bugun zuciya da zafin fata da motsin jiki. Idan zafi ya fara cin mace sai ya girgiza, ya kunna jar wuta, ta fita ta sha ruwa ta huta. Injiniya ce ta yi ta naci sai da aka sayo su, bayan wata ta yanke jiki ta faɗi a kan injin guga ta ƙone a kafaɗa.

A kan doguwar kujera Dillalin agogon yake, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana juya makullin mota a yatsa. Turarensa ya cika ofis har yana hawa kai.

"Haba Injiniya," ya ce yana murmushi. "Abin fa bai kai nan ba. Bari in sake yi miki bayani."

"Na fahimta tun farko. Ba jaka ba ce ni."

"To madalla. Kin san duk abin da agogunan suka auna yana zuwa wajenmu. Babbar na'urarmu ce ta lura akwai guda huɗu da bugun zuciyar masu su ya hau ya ƙi sauka. Zafin fatarsu ya ɗan ƙaru ya zauna. Barcinsu ya canza."

"Barcinsu? Wa ya aike ka ɗakin barcinsu?"

"Ai da shi suke kwana."

"Saboda wa?" Ta juya ga Manaja. "Saboda kai ka sa dokar duk wadda ta manta nata a gida ranar ba ta da aiki! Shi ya sa ba mai cirewa. Da shi suke wanka, da shi suke girki, da shi suke kwanciya da mazajensu!"

"Ki iya bakinki," in ji Manaja.

Dillali ya ci gaba abinsa. "Idan alamomin nan suka haɗu a jikin mace, galibi juna biyu ne, tun yana ƙarami. Wata ma ita kanta ba ta sani ba tukuna. Mu lambobin agogunan muka sani, ba mu san hannun da suke ba. Ke kika raba su, kuma da yatsanki kaɗai ake iya sa agogo ya kunna wuta daga nan."

Manaja ya tashi ya je jikin gilashin, ya goya hannuwa a baya.

"Ni ban ce ki faɗa min sunan kowa ba. Ina nan tsaye. Ki danna, huɗun nan su yi ja, in gani da idona. Shi ke nan. Bakinki alaikum."

"Sannan ƙarshen wata a ƙi sabunta musu kwantiragi."

"Don lafiyarsu ne. Mace mai ciki cikin wannan tururin?"

"In don lafiyarsu ne, ga ɗakin ninki can da fanka, a mayar da su. Ka sauka yanzu ka ce duk mai ciki ta zo za a sauƙaƙa mata aiki. Ka ga ko ba za su zo da ƙafarsu ba."

Ya ci gaba da kallon ƙasa ta gilashin.

"Ba za ka faɗa ba," ta ce. "Don ba shi ne a ranka ba."

Ya juyo, jijiyar goshinsa ta fito.

"Ke kin san abin da hutun haihuwar mace huɗu yake yi wa kamfani? Kin san masu kamfanin nan abin da suke faɗa min? Ke kina zaune cikin sanyi kina latse-latse, ni ake kira ana wanke ni tas! In otal ɗaya ya janye kayansa saboda mun makara, ba huɗu za su tafi ba, rabin ɗakin can ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Ni ladan gyaran na'ura na ci. Ban ci na leƙen mahaifar mutane ba."

Dillali ya yi tari, ya daina juya makulli.

Manaja ya dube ta ya daɗe. Sai fuskarsa ta saki, ya dawo ya zauna, ya nuna mata kujera.

"Zauna, 'yata."

"Na gode, tsayuwar ta ishe ni."

"Zauna mu yi magana ta gida. Ajiye Yallaɓan nan, ki kira ni yadda kike kirana a gidan Yaya."

Nan ne gizo yake saƙa. Manaja ƙanin mahaifiyar wanda za ta aura ne. A gidansu Kawu take ce masa, ta durƙusa ta gaishe shi. Amma aikin nan ba shi ya ba ta ba. Jarrabawa ta zauna da maza cike da ɗaki ta doke su, tun kafin ta san ɗan 'yar'uwarsa a duniya. Ba ta taɓa bari ya manta ba.

"A ofis muke, Yallaɓai."

"To shi ke nan." Ya yi wa Dillali alama da haɓa. "Nuna mata."

Dillali ya ɗan yi jim. "Ranka ya daɗe, anya..."

"Na ce ka nuna mata!"

Ya miƙo mata wayarsa ba tare da ya dubi idonta ba. Zane ne na layi mai tafiya lafiya lau, sai can ya haukace, ya yi sama ya yi ƙasa kamar an ba mahaukaci alƙalami, sannan ya kwanta shame-shame.

"Wannan agogo mai lamba ɗaya ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na gwaji. Shi kam mun san hannun da yake, don da kaina na ɗaura miki."

Sanyin ofishin ya ratsa ta har ƙashi.

Ta tuna ranar. Matan sun yi cirko-cirko sun ƙi karɓa, suka ce ba za a ɗaura musu abin da ba su san ubansa ba. Ita ce ta miƙa hannu a gabansu ta ce a fara da ita. Ta ce in akwai cuta a ciki ita za ta fara ci. Tun ranar bai bar hannunta ba, don kada wata ta ga ta cire ta ce an yaudare su.

"Abin da ke auna motsi ne ya ɗauka," in ji Dillali. "Faɗuwa, sannan jijjiga mai ƙarfi, zuciya na gudu, sannan dogon barci. Sau biyu cikin watannin nan. Ɗaya a gida. Ɗaya a banɗakin da ke ƙarshen barandar nan."

"Farfaɗiya," in ji Manaja. Ya faɗe ta a hankali kamar yana tsotsar alewa. "Ashe farfaɗiya gare ki."



Tun tana aji uku na firamare take tare da ita. Ta san ɗanɗanon jinin harshenta. Ta san farkawa a ƙasan aji, siket a jiƙe, yara sun yi da'ira daga nesa ana cewa kada a taɓa ta, yawunta na yaɗo. Ta san ƙawar da uwarta ta zo har makaranta ta ce a raba musu benci. Ummanta ta sauya mata makaranta, suka sauya unguwa, suka kulle bakinsu. Ta haɗiyi ƙwayar magani safe da yamma ba fashi, ta yi karatu kamar mai ramuwar gayya, ta zo ta ɗaya a duk ajin da ta shiga, don ranar da aka sani kada a ce ciwon ya taɓa mata kai. Duk wannan ta rufe shi ruf, ba maƙwabci ba dangin nesa.

Sai ga ɗan guntun roba ya kwashe ya kai wa mai turare.

"Yaron nan ya sani?" in ji Manaja.

"Ya sani."

Ya ɗaga gira. Bai zaci haka ba.

"Tun kafin ya ce yana sona na faɗa masa. Ni ba na sayar da kaya a rufe."

"Yaya fa?"

Ta kawar da kai. Wanda za ta aura ɗin ne ya roƙe ta, ya ce ta bar masa Mama, shi ya san yadda zai ɓullo mata, ta ba shi lokaci. Lokacin ya yi ta tafiya. Kullum gobe, kullum Mama ba ta jin daɗi yau.

Manaja ya yi dariya ta hanci.

"Ba ta sani ba. Kuma na san yayata. Matar da ko mai tari ba ta shan ruwa a kofinsa. Gobe ne fa za su je gidanku a tsayar da ranar aure, ko na yi ƙarya? Ni ne ma zan ja motar."

"Barazana kake min?"

"Subhanallahi. Ni? Rufin asiri nake miki tayi. Ki rufa min, in rufa miki. Ciwo ai na Allah ne, ni ba ruwana. Ɗan yatsa ɗaya kawai, 'yata. Kin ga har abada maganar nan ta mutu a ɗakin nan."

Ta dubi agogon hannunta. Ta tabbata a wannan lokacin ma yana can yana kai rahoton yadda zuciyarta ke dukan ƙirji.

"Kai kuma," ta ce wa Dillali, "ka rantse min da bakinka ba mai ganin bayanan nan sai ni. Na tambaye ka ba sau ɗaya ba."

"Yana cikin yarjejeniya, Injiniya. Don inganta aiki..."

"Allah ya isa tsakanina da ingancinka."

"In kin ƙi ma," Manaja ya katse ta, muryarsa ta koma ta ofis, "zuwa gobe zai cire yatsanki daga na'urar ya sa nawa. Da ke da babu ke sai na gani. Kin ga sai ki yi biyu babu, ba aiki, ba miji, kuma ba ki ceci kowa ba. Je ki yi tunani. Kafin a tashi ina jiranki."

Ta fita ba ta rufe ƙofar ba.

A kan matakala ta tsaya. Ta kama ƙarfe, ta ja numfashi. Ba yanzu ba, ta ce wa jikinta. Wallahi ba yanzu ba. Ka yi min duk abin da ka ga dama in mun je gida.

Ta ciro waya ta kira wanda za ta aura. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Yana aji, ta sani, ba ya ɗauka in yana koyarwa. Ta mayar da ita aljihu.

Ofishinta na hannun dama. Ta yi hagu.

Zafin ɗakin guga ya mare ta tun daga ƙofa. Ƙarar injuna, warin sabulu da sitati, ƙasa a jiƙe. Ta wuce kai tsaye bango ta ja babban makunnin wuta ƙasa. Injuna suka yi wani dogon nishi suka mutu.

"Kai! Wane ɗan albarkar ne?"

"An ɗauke wuta ne?"

"Wuta lafiyarta ƙalau, Injiniya ce ta ɗauke da hannunta," in ji Rediyo, wata siririya da bakinta ba ya hutawa, shi ya jawo mata sunan. "Injiniya, in hutu kika kawo mana Allah ya ba ki miji mai haƙuri. Af, na manta, an riga an samu!"

Aka yi dariya. Inna Sitati, shugabar ɗakin, wadda ta girmi kowa a wurin, ba ta yi ba. Ta goge wuya da tawul tana kallon fuskar yarinyar.

"'Yar nan, lafiya? Kin yi fari fat."

Injiniya ta jawo wani babban bokitin roba, ta zubar da tawul ɗin ciki, ta dire shi a tsakiyar ɗaki.

"Iyayena, yayyena, kowa ta cire agogonta ta jefa nan. Yanzu."

Suka dubi juna.

"Ikon Allah," in ji Rediyo. "Jiya a ce in ka cire an kore ka, yau a ce cire. Mu dai mun zama 'yan tsanar yara."

"Ba wasa nake ba. Agogon nan ba zafi kaɗai yake aunawa ba. Ya san lokacin da kuke barci da lokacin da kuka kasa. Ya san wadda ta kwana tana kuka. Ya san wadda take da ciki, tun kafin ta faɗa wa mijinta. Kuma duk yana tafiya wajen mai sayar da shi. An ce in sa na masu cikin su kunna wuta, Manaja na kallo ta gilashin can, don a sallame su ƙarshen wata."



Duk suka ɗaga kai sama. Manaja na tsaye jikin gilashi.

Sannan wuri ya kaure.

"Innalillahi!"

"Cikin ma? Cikin da ke jikin mutum?"

"Ni fa na faɗa! Na ce abin nan da yake kallon fata da koren ido ba banza ba!"

Wata mai ƙiba ta ture na gabanta ta zo har gaban Injiniya, tana nuna ta da yatsa.

"Ke! Ba ke kika ce mana amana ba? Ba ke kika tsaya nan kika ce ba mai gani sai ke? Da wane ido za ki kalle mu? Boko ta sa kin mai da mu dabbobin gwaji!"

"Ni na faɗa. Haka aka faɗa min na yarda. Ki zage ni in mun gama, Yaya, zan tsaya ki zage ni son ranki. Yanzu dai cire."

"In na cire a ce na karya doka a kore ni, ke za ki ciyar min da 'ya'ya?"

"Shi ya sa na ce kowa. Ba zai kori ɗaki guda ba, ga kayan asibiti can na jira."

"Mu da muka wuce haihuwa fa?" wata ta tambaya daga baya. "Ina ruwanmu?"

Inna Sitati ta juya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ruwanki shi ne in masu ciki kaɗai suka cire, kin nuna su da yatsa ke nan. Kan naki na ado ne?"

Ta kama maɗaurin nata da haƙori, don yatsunta sun kumbura da zafi, ta ɓalle. Inda ya zauna fatar ta yi wani farin zobe. Ta jefa shi cikin bokiti, ya yi ƙwal.

"Ni mahaifata ta yi ritaya tun kafin a haifi wasunku," ta ce. "In ya ga ciki a nawa, sai ya zo ya raɗa suna."

Rediyo ta bi, tana cewa dama nata ƙaiƙayi yake sa ta. Sai ta uku, sai ta huɗu. Injiniya ta kafa idonta cikin bokitin da gangan. Ba ta son ganin hannun da ke rawa, ba ta son ganin wadda ta fi kowa sauri. Abin da ba ta sani ba, ba mai iya matse shi daga bakinta. Mai ƙibar nan ce ta ƙarshe. Ta jefa nata da ƙarfi tana harararta.

Injiniya ta zura hannu ta cakuɗa su, ta sake cakuɗawa, ta girgiza bokitin kamar mai wankin tsakuwa. Ko Manaja ya sa yatsansa gobe, wutar cikin bokiti za ta kama.

"Kin gama?"

A bakin ƙofa Manaja yake, rigarsa ta fara jiƙewa da zufa tun bai shigo ba. Dillali na raɓe a bayansa. Matan suka dare.

"Na gama, Yallaɓai."

"Kin kashe min injuna. Kin tunzura min ma'aikata. Kin lalata tsarin da kamfani ya kashe dukiya a kai."

"Agogunanka ga su nan, ko ɗaya bai fashe ba. Ƙirga abinka."

"Fitsararriya! Ni kike faɗa wa haka a gaban waɗannan?"

"Waɗannan suna da suna. Kuma jikinsu nasu ne. Hannunsu ka ɗauka aiki, ba mahaifarsu ba."

"Allah ya yi miki albarka," wata ta ce can ciki.

"Wa ya yi magana?" ya daka tsawa. Ya dawo kanta, ya rage murya, irin ragewar da ta fi tsawa muni. "Har yanzu ƙofa ba ta rufe ba. Ke kika raba su, kin san hannun kowa. Ki mayar wa kowacce nata, mu koma sama. In ba haka ba, kin san abin da ke bakina. Su ma da kike wa wannan haukan, bari su ji ko wace ce ke, ki ga ko akwai wadda za ta ƙara haɗa kofi da ke."

Ta ji idanuwa sun dawo kanta.

Wani abu ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ba tsoro ba ne. Gajiya ce ta shekara da shekaru, ta ɓoyon ƙwaya cikin kwalbar bitamin, ta kulle banɗaki in ta ji alama, ta murmushi in ana labarin masu faɗuwa ana tofar da yawu. Wannan mutumin yana ganin ya riƙe wuƙa. To, bari ta karɓe ta ta kaifin.

Ta ɓalle agogon hannunta, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ba sai ya wahalar da bakinsa ba. Farfaɗiya gare ni. Tun ina yarinya. Ina shan magani, ina aikina, ban taɓa roƙon kowa ya ɗauke min kaya ba. Wannan abin ne ya kai masa gulmata, shi ne yake so ya saye ni da ita." Ta wurga shi cikin bokiti. "Ga ta nan na ba ku kyauta. Sai ya nemi wata hajar."

Wata da ke kusa da ita ta ja baya kaɗan, ba ta ma san ta yi ba. Injiniya ta gani. Ta san wannan takun, da shi ta girma.

Inna Sitati ta tako, ta ɗauki kofin da take shan ruwa, ta cika a famfo, ta miƙa mata.

"Sha, 'yar nan. Leɓenki ya bushe."

Ta sha rabi. Tsohuwar ta karɓa ta shanye sauran a gaban kowa, ta goge baki da bayan hannu, ta dubi Manaja.

"Sai me kuma?"

Sai a lokacin Injiniya ta lura bai yi kama da wanda aka kayar ba. Hannunsa na dama na cikin aljihun rigarsa tun shigowarsa. Ya zaro shi a hankali. Wayarsa ce, fuskarta a kunne, ana kan kira.

"Ni dai ban ce komai ba," ya ce. "Ku shaida ne. Da bakinta ta faɗa." Ya danna lasifika. "Yaya, kina ji?"

Numfashi ya fara fitowa daga wayar. Sannan muryar da Injiniya ta sani sarai, muryar matar da take kira Mama, wadda ko shekaranjiya ta riƙe hannunta tana ce mata 'yata.

"Ba ta wayar."

Ya miƙo. Ba ta karɓa ba, ta dai matso.

"Mama, ina wuni."

"Gaskiya ne abin da na ji?"

"Gaskiya ne, Mama."

"Ɗana ya sani?"

"Ya sani."

Rediyo ta dafe ƙirji.

"Ki faɗa wa mahaifiyarki kada ta jira mu gobe."

Ƙit.

Manaja ya mayar da wayar aljihu, ya miƙo mata tafin hannu.

"Katin shiga. Da kwamfuta. Da makullin ofis."

Ta cire katin daga wuyanta. Ta ɗora masa ɗaya bayan ɗaya, ta gyara mayafinta, ta ratsa tsakiyar matan kanta a sama.

Mata huɗun da ta tsaya dominsu, ba ta ma san ko su waye ba. Da safe ta shigo ƙofar nan da aikinta, da aurenta, da asirinta a rufe. Yanzu za ta fita ba ko ɗaya, ta je ta sami Umma, wadda ta bari tana wanke labulen falo saboda baƙin gobe.

Tana taka bakin get wayarta ta ɗauki ƙara. Shi ne, wanda za ta aura.